Na Je Ɗauko Yayana a Bakin Teku

Mun tashi daga Sabon Birni ana fitowa sallar asuba, ni da wani falken goro na unguwarmu wanda ya san hanyar kudu kamar tsakar gidansu. Jaki ɗaya muka haɗa wa kaya. Shi fatauci za shi, ni kuwa aikena aka yi, kuma aiken ba na wasa ba ne.

Mu magina ne tun kaka da kakanni. Kakanmu na cikin waɗanda suka ɗaga ganuwar garin nan a zamanin yaƙin basasar Gobirawa, lokacin da 'yan gida ɗaya suka raba gari suna kai wa juna hari. Su ba mayaƙa ba ne, amma tare da runduna suke tafiya. Inda aka yi sansani su ke haƙa gwalalo, su ja shingen ƙaya, su ɗaga bango ana harbinsu da kibiya. Da yaƙi ya ƙare Bature ya zo, ba wanda ya ƙara kula da ganuwa sai ɓangaren da ke bakin gulbi, don shi kaɗai ke tsakanin ruwa da unguwarmu. Duk damina gulbi ya ci gindinta, duk rani mu cuɗa ƙasa mu mayar. Bara abin ya wuce gyara, ruwa ya tafi da gidajen maƙwabta har da rijiyar unguwa. Baturen mulki ya zo ya duba, ya gaya wa hakimi in damina mai zuwa ta sake ci, to unguwa ta tashi ta koma tudu. Baba kuwa ya tsufa, ƙafa ta ƙi, ga kaburburan iyayensa a bayan gida. Ya ce shi ba inda za shi.

Ina da wa wanda ya tafi fataucin goro shekarun baya, can ya shiga soja, aka kai su ƙasar Bama yaƙin Turawa. Labarin da fatake suka kawo mana shi ne bai riƙe bindiga sosai ba, cikin sojan gini aka sa shi, masu yin gada da hanya. Bayan yaƙi kuma aka ce an gan shi a wani gari na bakin teku yana ginin tare ruwa. Wannan magana ita ta tsaya wa Baba a rai. Ranar da zan tashi ya kira ni ɗakinsa ya ce, “Ka tahi ka ɗauko min yayanka. Ka ce mai gulbi ya kusa shiga ɗakina. Kak ka bari hadari ya riga ku isowa.”

Mun bi ta Gatawa hantsi bai yi zafi ba. An gama shigar da gero rumbu, gonaki sai kara da shanun Fulani. A Isa muka yada zango. Muka ƙetare gulbinsu a ƙasa, yashi fari fes, mata na tona shi suna ɗibar ruwa da ƙoƙo. Na tsaya ina kallonsa da haushi, don gulbi a rani kamar mutumin kirki yake, ba ka cewa shi ne mai rushe wa mutane ɗaki. Furar Isa dai ba ta da abin kushewa, nono ya fi gero yawa, amma ban gaya wa mai furar ba don kada kanta ya yi girma. Washegari muka haɗu da ayarin masu dawowa daga kasuwar Bafarawa, muka yi rakiyar juna har Shinkafi, daga nan muka miƙe sai Ƙaura, inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Falke ya bar jakinsa gidan wani mai masauki, jakin ma na ga alamar ya ji daɗin rabuwar.

Ban taɓa shiga jirgi ba. Da ya yi kuka ya ja, na riƙe benci da hannu biyu ina salati, falke yana ta dariya har da hawaye. Kafin mu kai Zariya na saba, har ina leƙa taga ina kushe ginin mutane. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gadar Jabba. Na ga ƙarfe ya ratsa Kwara, ruwan da ya ninka gulbinmu ban san sau nawa ba, jirgi da nauyinsa ya hau ya wuce ko gezau. Na ce a raina, in irin wannan aiki yayana ya koyo, to unguwarmu ta tsira.

Daga nan ƙasa ta sake. Dawa ta ɓace, sai doya da rogo da itatuwa masu tsawon da wuya ke gajiya. A kowace tasha mata na miƙo abinci ta taga. Wata Bayarabiya mai sayar da teba ta hango zanen fuskata, ta tafa hannu ta ce ga bawanta Bagobiri ya zo gaishe ta. Na ce ai ni na zo karɓar haraji ne, ta zuba mini miya da nama kada in kai ƙara. Ta ƙara mini tsoka guda tana zagina, ni ma ina ramawa, duk taragon na dariya. Miyar kuwa barkono ne aka ɗan yayyafa wa ruwa. Na ci ina share hanci, ban yarda ta ga na kasa ba.

Ikko ba garin da mutum zai so ya daɗe ba ne in aljihunsa bai da nauyi. Ruwan sha ma sai da kwabo, abin da in ka yi a Gobir sai a kai ka gaban alƙali. A nan falke ya haɗa ni da wata mota mai bin gaɓar teku ta yamma, shi kuma ya tsaya harkarsa. Muka ratsa ƙasar Faransi. Sauran fasinja duk sun tsure da ganin 'yan sandan iyaka, ni kuwa ɗan iyaka ne, na sha zuwa Maraɗi da Madawa. Na gaishe su da ɗan guntun Faransancin da na tsinta a kasuwa, na miƙa takardar wucewa, suka buga hatimi. Wannan ne kaɗai wurin da na zama ɗan birni a duk tafiyar.

Garin da yayana yake, sunansa ya fi ƙarfin harshena, na bar shi. Siririyar ƙasa ce, teku a gaba, tabki a baya. Tun kafin mota ta tsaya na ji wani ruri kamar hadari na tasowa, na ɗaga kai sama ba ko gajimare. Da na ga teku kuwa sai na yi turus. Ruwa ne ba tsallake, yana tasowa ya faɗi, ya koma ya sake tasowa, kamar wanda aka yi wa laifi.

A zangon Hausawa aka nuna mini inda yake. Na same shi tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa, da gajeren wandon soja, yana ba mutane umarni da wani irin yare, rabi Hausa rabi na masunta. Ya yi baƙi, ya bushe, furfura ta fara fito masa. Na yi sallama. Ya dube ni ya sake dubawa, sai ya yar da igiyar hannunsa ya rungume ni da jiƙaƙƙen jiki. Na yi niyyar in fara da faɗa, shekaru ba aike ba saƙo, amma kuka ya riga ni. Muka ci dokunu, wani tuwon masara nasu, da soyayyen kifi a gindin kwakwa, ya tambayi kowa har da waɗanda suka rasu bai sani ba.

Kafin in faɗi saƙona ya ce in zo in ga abin da ya kawo su garin. Wani tsohon gidan yaƙi ne na Turawan da, a bakin ruwa, da dutse aka gina shi aka shafe da farar ƙasa. Kaurin bangon, jakai biyu za su jera a kansa da kayansu. Ga igwa nan sun yi tsatsa, bakinsu na kallon teku. Abin da na fara lura da shi kusurwoyin ne, an turo su waje kamar bakin mashi, yadda wanda ke sama zai hango gindin bangonsa ta kowane gefe. Na ce ai haka kakanmu ya karya ganuwa a bakin ƙofa. Yayana ya ce shi ma ranar da ya fara gani abin da ya faɗo masa ke nan, ashe tsoro iri ɗaya gini iri ɗaya yake sa mutane.

Sai ya sauka da ni wani ɗaki a ƙasa, ba taga sai ƙaramar kafa can sama. Nan ake tara bayi kafin jirgin ruwa ya zo. Ya ce tsofaffin zango sun ce har da masu jin Hausa aka bi da su ta nan, waɗanda yaƙe-yaƙenmu na gida suka kama aka yi ta sayarwa hannu zuwa hannu. Ɗakin bai fi zauren gidanmu ba. Na shafa bangon, aikin magini ne ƙwararre, ba inda za ka sa farce. Ban taɓa jin kunyar kyawun gini ba sai ran nan. Muka karanta Fatiha muka fito.

A waje ya ba ni labarin aikinsu. Teku ta cinye gefe guda na gidan, shi ya sa bayan yaƙi aka turo rundunarsu ta sojan gini su gyara. Sun gyara, sun ja bangon dutse a gabansa. Da bango ya kai iyakar gidan yaƙin, wanda shi ne na gwamnati, aka ce a tsaya, runduna ta tashi. To daga nan zango ya fara, kuma ruwan da aka hana cin gidan yaƙi sai ya juya kan gidajen talakawa. Kyaftin ɗinsu, wani Bature mai jan wuya da Hausar bariki, bai ji daɗin abin ba. Ya roƙa aka bar musu diga da shebur da baro da tarin dutsen da ya rage, ya zauna da yayana ya nuna masa yadda za a ci gaba. A lokacin ne sallamar yayana daga soja ta zo. Shi da wasu tsofaffin sojoji suka tsaya, mutanen zango da masunta na ba su abinci da hannu.

Nan na faɗi saƙon Baba, kalma da kalma.

“Ba ni iya tahiya yanzu, ƙanena,” ya ce. “Ni nis sa dutsen hwarko ga bangon ga.”

Na san abin da yake nufi, shi ya sa raina ya ƙara ɓaci. A gidanmu wanda ya aza tubalin farko ba ya juya wa bango baya sai ya rufe kansa. Ranar sunana ma Baba yana Gangara a kan wani soro da bai rufe ba, kawu ne ya tsaya aka raɗa mini suna. Amma a lokacin ban ga wata al'ada ba, ɗakin Baba kawai nake gani da ruwa a bakin ƙofa.

“Bangon wasu ya hi maka ɗakin ubanka?” na ce. “To ku dakata mana! Ku bari rani shi yi, ruwan ga shi janye, mu tahi mu gama namu ka dawo.”

Duk da halin da muke ciki sai da ya yi murmushi. Ya ce in kwana in huta, gobe na ga ranin teku da idona.

Da safe na fito na tarar ruwa ya ja baya, ga yashi shimfiɗe mai faɗi inda jiya ake iyo. Na ce to, ba ga shi ba, mutanen nan gaggawa ce kawai ta dame su. Don in nuna musu ɗan Gobir ba malalaci ba ne, na kwashe turakun da suka sassaƙa na aikin ranar, na kai su can gaba kusa da inda za a kafa, na jera su tsaf a kan busasshen yashi kamar yadda muke tara kayan aiki a cikin gulbi da rani. Na koma zango na karya, na ɗan kishingiɗa. Ihun mata ne ya tashe ni. Na fito na ga teku ta dawo har ta wuce inda take jiya, turakuna kuwa ga su can suna rawa a kan ruwa, kowanne ya kama gabansa. Masunta suka tura kwalekwale suka yi ta tsinto su. Matan da ke shanya kifi sun yi dariya har wata ta zauna a ƙasa. Yayana ya dafa ni ya ce, “Ka gani? Raninta sau biyu a yini, daminarta ma sau biyu. Wagga ba a jiranta.” Har na bar garin, Mai Rani suke kirana.

Kunya ce ta sa na shiga aikin, don in biya ɓarnar da na yi. Amma da na shiga sai ido ya buɗe. Ni na ɗauka tare ruwa shi ne ka ɗaga masa bango mai tsawo ka ce ya tsaya. Su kuwa bangon shi ne ƙaramin aikin. Babban aikin wasu layuka ne na turaku da suke kafawa daga gaɓa su shiga cikin ruwa a karkace, a saƙa tsakaninsu da rassa, a cika da dutse. Ruwa in ya zo da ƙarfinsa sai ya tarar da su, ya rage gudu, ya sauke yashin da ya ɗauko. Yayana ya kai ni layin da suka fara kafawa, ya sa na tsaya a gefensa. Yashi ya taru har ya kusa binne turakun. Ya ce lokacin da suka zo nan wurin ruwa ne zuwa ƙirji. Ya ce a Bama haka suka yi wa koguna masu cin gindin gada, kuma gulbinmu bai kai ko ɗansu ba.

Na yi makonni ina aiki da su. Na koyi yadda ake karkata layi ya bi gudun ruwa, da zurfin da turke ke so, da yadda ake sa manyan duwatsu a baki ƙanana a ciki. Hannuna da ya saba da laka ya farfashe da gishiri. Kullum ina lissafin damina a raina, kullum ina duba bangonsu in ga ko ya kusa, bai kusa ba. Wata rana da la'asar yayana ya ce in zauna. Ya share yashi da tafin hannu ya ce in zana masa gulbinmu, inda ya karyo da inda yake dukan ganuwa. Na zana. Ya nuna inda zan kafa layin farko da na biye, ya goge, ya ce in sake da kaina. Na yi kuskure ya goge, na sake. Da na yi daidai ya ce, “Gobe ka kama hanya. Abin da za ni yi can, kai ma kana yi nai. Ka ce ma Baba ya yahe min.”

Ban so ba. An ce in zo da mutum, ga ni zan koma da zane a ka. Amma hadarin kudu ya riga ya fara, na san namu ba zai daɗe ba. Ya raka ni mota, ya ba ni gishiri da busasshen kifi in kai gida, muka rabu ba wanda ya iya kallon wani.

Komowa ba ta da labari, don ban ga komai ba sai tunanin abin da zan faɗa. A Ƙaura na tarar da zafin bazara ya kai inda ya kai. Na iso gida da yamma. Baba ya leƙa bayana kafin ya dubi fuskata. Na durƙusa na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya juya fuskarsa bango. Wannan juya fuskar ya fi mini zagi ciwo.

Washegari na je wurin mai unguwa na roƙi gayya. Muka sari turaku, jakai suka yi ta jigilar marmara daga tudu. Da mutane suka ga ina kafa itace a tsakiyar busasshen gulbi na bar ganuwa a tsage, aka ce teku ta taɓa mini kai. Wasu suka fara kwance rufin ɗakunansu tun Bature bai aiko ba. Ban yi faɗa da kowa ba, abin da ya ba ni mamaki ni kaina. Muna ɗaure layin ƙarshe aka yi ruwan shuka.

Gulbi ya kawo a tsakiyar damina, ja wur, da itatuwa da gawar dabbobi. Layin farko bai kwana ba, ya tafi da shi. Na tsaya a kan ganuwa ina kallo. Sauran suka riƙe. Ruwa ya zo gindin bango ya yi ta juyi a hankali kamar ya manta abin da ya kawo shi. Da ya sauka muka tarar ya bar laka da yashi a inda ya saba tona rami, har yara na gudu a kai. Ba ɗaki ko ɗaya da ya faɗi. Hakimi ya aiko aka duba, maganar tashi dai ba a sake ɗaga ta ba bana.

Na fita neman mutum guda wanda zai cece mu, na ga ƙasashe, na ga ginin da ya fi namu ƙarfi da wanda ya fi namu mugunta, na kuma gane ruwa ba a yi masa tsawa, lallaɓa shi ake yi. Baɗi akwai aiki, layin da ya tafi sai an mayar, amma yanzu samarin unguwa sun iya.

Ranar Juma'ar da ta wuce Baba ya ce a ɗora shi a jaki a kai shi bakin gulbi. Tun dawowata bai yi mini maganar tafiyar ba. Muka sauke shi a kan sabuwar ƙasar, ya tattaka ta da ƙafarsa mai lafiya, ya sunkuya ya damƙi lakar ya murza. Ya daɗe yana kallon turakun. Sa'an nan ya tambaye ni ko akwai falken da zai yi kudu kwanan nan. Na ce akwai.

Ya ce, “A hwaɗa ma yayanka kas shi yi gaggawa. Shi gama nashi da kyau. Muna nan inda yab bar mu.”